Zan karɓi gonar wardi a Shafa: yaya zan fita kakar farko ban ci uwar kuɗi ba?

Tambaya daga wani mai shagon turare a Shara Mansur, Makka: "Wani dattijo ya yi mini tayin hayar gonarsa ta wardi a Shafa, can saman Ɗa'if, shekara uku. Ya ce bara ta ba da fure dubu 600. Ina da riyal dubu 120, kuma ina so in sayi tukunyar dafa wardi in riƙa fitar da man da kaina. Yanzu muna Oktoba. In shiga?"

Alhaji, kana iya shiga, amma ba da tukunya ba tukuna. Wardin Ɗa'if sau ɗaya yake fure a shekara, daga Maris zuwa Afrilu, kwana arba'in ko sama da haka kaɗan. Sauran watannin duk kashewa ne. Dubu 120 ɗinka ita za ta ɗauki haya, ruwa, taki da leburori har zuwa Maris ba tare da riyal ɗaya ya shigo ba. Ka yi lissafi a kan haka, ka kuma ware kashi ɗaya cikin huɗu da ba za ka taɓa ba sai ranar tsinka.

Kafin komai, takardu. Ba ka ce ɗan ƙasar Saudiyya ne kai ko mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ba. In mai iƙama ne, kada ka yarda a rubuta gonar da sunan wani kai kana juya kuɗin a bayan fage. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar 2020 ta sa hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. In ɗan ƙasa ne, ka tuntuɓi ofishin ma'aikatar muhalli, ruwa da noma kan shirin Reef na tallafa wa noman karkara, domin wardi na cikin amfanin da yake tallafa wa. A yarjejeniyar haya, ku rubuta wa'adi da watannin miladiyya, ya ƙare a ƙarshen Mayu. Shekarar hijira tana raguwa da kusan kwana 11, wardi kuwa rana da sanyi yake bi, kada wa'adinka ya cika fure yana kan itace.

Batun dubu 600 kuma, maganar baki ce. Ka nemi ya kai ka ma'amal ɗin da ya sayar wa bara, wato gidan da ake dafa wardi a fitar da mai, ka ga littafinsu. Sannan ka taka gonar da ƙafarka, ka ƙirga gindi nawa ne masu rai, nawa ne suka tsufa suka zama ƙaya zalla. Ka tayar da famfon rijiyar, ka bar shi yana aiki awa uku ko huɗu ka ga ko ruwan zai yanke, ka kai kwalba ɗaya a auna gishirinsa, ka ga lasisin rijiyar. Gonar da sai an sayo mata ruwa a tanka a hau da shi dutse, ribarta ta tafi wurin direba.

Lokacinka ya yi daidai, don ba a yi datsa ba. Ana rage ban ruwa kafin sanyi itacen ya huta, a datse rassa daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, a zuba ruɓaɓɓen takin tumaki, sannan a dawo da ruwa. Kamar wata biyu da rabi bayan nan fure ke buɗewa. A nan sababbin shiga suka fi yin ɓarna: wannan irin wardi a kan reshen bara yake fitar da fure, wanda ya aske shi ƙasa sosai ya aske kuɗinsa. Ka riƙe ma'aikacin da ya saba da gonar ko da zai fi tsada. Rassan da aka yanke ma dashe ne, a cike gurbin gindin da suka mutu da su, sai dai kada ka sa su a lissafin bana. Daga Fabrairu ka riƙa duba toho saboda darɓa da farar cutar nan mai kama da an barbaɗa gari a ganye. A magance su kafin fure ya buɗe, don ba a fesa wa furen da za a dafa a sha ruwansa magani. Sanyin dare da ƙanƙara kuwa, sai dai ajiyar nan da na ce ka ware.

Tsinka daga asuba ake yi, a gama kafin rana ta yi zafi, domin zafi yana kwashe man. Raba dubu 600 gida arba'in, dubu 15 ke nan kowace safiya, kuma a tsakiyar kaka sai ya ninka. Furen da ba a tsinka yau ba, gobe ba kaya ba ne. Ka ɗaure magana da masu tsinka tun Janairu, masu takardar aiki ta halal, don a Afrilu kowace gona a Shafa da Hada, ita ma a yankin Ɗa'if, su take nema. A zuba furen a kwando ko buhu mai shan iska, ba leda ba, a kai ma'amal kafin azahar.

Yanzu tukunya. Tola ɗaya ta man wardi, wajen giram 11.7, tana cin fure dubu 10 zuwa dubu 15. In maganar dattijon ta tabbata, abin da ke gonar tola 40 zuwa 60 ne, da ruwan wardi a kai. Wuta ta yi yawa ko tukunya ta ƙone sau biyu, ka zubar da tsinkar kwana biyu. A bana ka sayar da kashi biyu cikin uku ɗanye, a kan farashin kowane fure dubu, da yarjejeniya a rubuce: yadda za a ƙirga ko a auna, ƙarfe nawa za a daina karɓa, da ranar biya. Ragowar ka ba ma'amal su dafa maka a kan lada, ka tsaya a wurin ka ga abin da ya fito, ka karɓi manka da ruwan farko mai ƙarfi da suke kira arus. Wannan ka kai shagonka, inda kake da abin da manomin Shafa ba shi da shi: alhazai da masu umara da ke sayen tsaraba a rubu'in tola. Ka rubuta furen kowace safiya da man da kowace tukunya ta ba ka, a watan Mayu sai mu duba littafin mu ga ko tukunyar kanka za ta biya kuɗinta.