Amsa ga mai neman na'urar sauraro: batun memori da kaset ɗin Baba

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, domin ba ta amsuwa a layi biyu. Ka ce wayarka ta cika, caji ba ya kai maka la'asar saboda yawan sauraro, kana son 'yar na'ura ta daban da za ka zuba waƙoƙi da karatu, sannan akwai kwalin kaset na mahaifinku da kake son juyewa. Ka tambayi wacce za ka saya, da memori mai giga nawa. 'Yan'uwa sun ba ka sunayen na'urori, Allah ya saka musu da alheri. Ni ta wani ɓangare zan ɓullo maka. Na yi shekaru ina tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a shago kafin in koma gyaran waya, kuma a duk zamana ban taɓa ganin wanda ya yi hawaye don na'urarsa ta mutu ba. Waɗanda na ga sun zauna a kan benci sun dafe kai, abin da ke cikin memori ne ya tafi, kuma ba su da shi a ko'ina. Saboda haka ka fara da fayilolin, na'ura ta biyo baya.

Bari in fara da abin da ake kira MP3, don in ka gane shi, rabin tambayarka ta warware. Sautin da ke kan faifan CD yana da nauyi, minti ɗaya yana cin wajen megabait 10. Masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, tare da wasu, suka fito da hanyar matse shi: a zubar da ɓangaren sautin da kunnen ɗan Adam ba ya cika kamawa, a bar sauran. A 1995 aka raɗa wa irin wannan fayil suna mp3. Lambar nan da kake gani, 64 ko 128 ko 320 kbps, ita ke nuna matsewar: ƙaramar lamba ta fi matsuwa. Mai 128 yana cin kusan megabait ɗaya a minti, mai 320 ya kusa biyu da rabi, mai 64 kuma rabin megabait. Ga karatun Alƙur'ani da tafsiri da lacca, inda murya ce kawai, 64 ya wadatar. Ga waƙa mai kiɗa, kada ka sauka ƙasa da 128, in ka samu 192 ya fi, musamman inda akwai kalangu ko kotso ko kuge, don a ƙaramin lamba za ka ji kiɗan ya dusashe kamar ana yi a cikin randa.

Wani kuskure da na ga yara da yawa suna yi: su ɗauki fayil mai 64 su mayar da shi 320 a manhaja, wai su gyara shi. Abin da aka zubar ya zubu. Ka ƙara wa koko ruwa ne kawai, kofi ya cika amma gasarar tana nan yadda take. Hasali ma duk juyin da ka yi daga MP3 zuwa MP3 sai ya ƙara rage wani abu. Ka nemi mai kyau tun daga tushe, ka bar shi yadda ya zo.

To yanzu lissafin memori ya zo da sauƙi. Kati mai giga 16 zai ɗauki sama da awa 250 na sauti mai 128. Ka tsaya ka auna wannan. Na'urorin MP3 na farko da suka fito a 1998, irin su MPMan ta Koriya ta Kudu da Rio ta Amurka, megabait 32 gare su, wato kusan rabin awa. Da kamfanin Apple ya fitar da iPod a 2001 mai giga 5, ana cewa tana ɗaukar waƙa dubu, duniya ta yi ta mamaki. Kai yau ɗan katin da bai kai farcenka ba, mai giga 16, ya ninka ta uku. Don haka shawarata ka sayi mai 16 ko mai 32, kada ka wuce. Dalili kuwa, yawancin ƙananan rediyoyi da na'urori masu araha tsarin FAT32 suke karantawa, wanda shi ne ke zuwa a katunan da ba su wuce giga 32 ba. Masu 64 zuwa sama da tsarin exFAT suke zuwa, sai ka sa a na'ura ta yi shiru kamar babu komai, ka ɗauka ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

A nan ne zan daɗe, don nan na ƙone. Jabun memori ya cika kasuwa. Ana ɗaukar kati mai giga 2 ko 4 a yi masa dabara ya riƙa nuna 32 ko 64 a waya da kwamfuta. Kana zuba kaya yana karɓa, sunaye suna fitowa reras, amma da zarar ka wuce ainihin cikinsa, sabon kaya ko dai ya hau kan tsoho ko ya faɗa rami. Wata shekara gab da azumi na sayi katuna a wani shago da araha, na zuba wa wani dattijo tafsirin da ya yi shekaru yana tarawa, ya ce in goge na tsohuwar wayarsa tunda zai ba jikansa. Na goge. Bayan kwana uku ya dawo, fayilolin farko ne kaɗai ke buɗewa. Bai yi mini faɗa ba, ya ce ƙaddara ce, amma har yau in na tuna fuskarsa sai na ji nauyi a ƙirjina. Wasu daga ciki na sake nemo masa, wasu kuwa shi da kansa ya ɗauka a masallacin unguwarsu, malamin ma ya rasu. Tun daga ranar ba na yarda da kati sai na gwada. Akwai 'yar manhajar kwamfuta kyauta mai suna H2testw, tana cika katin taf sannan ta karanta ta faɗa maka gaskiyar cikinsa. In babu kwamfuta, ka cika shi da manyan bidiyo har ya ƙi karɓa, ka cire ka mayar, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Kada ka tsorata in kati mai 16 ya nuna 14 da 'yan kai, wannan bambancin lissafi ne, haka na gaske yake nunawa. Kuma ko katin na gaske ne, yana mutuwa ba sallama. Duk abin da kake ƙauna ya zama yana wuri biyu, kati da kwamfuta, ko kati da filas da ke ajiye a akwati.

Batun na'ura kuwa, ya danganta da inda za ka saurara. In a shago ne ko gona ko tsakar gida, rediyon nan mai cin memori da filas ta fi komai. Ka duba wadda batirinta ke cirewa, ko irin na tsohuwar Nokia mai lamba BL-5C ko zagayayyen nan 18650, don in ya gaji ka canza shi ba sai ka yar da rediyon ba. In a kunne kake so, kana tafiya ko kana kwance, akwai ƙananan na'urori masu makalewa a riga. Amma kafin ka kashe kuɗi, duba gida ko akwai tsohuwar wayar Android da aka ajiye. Ka cire mata layi, ka sa ta a yanayin jirgi, ka sa manhajar VLC. Za ta kwana biyu ba caji, tana karanta kusan kowane irin fayil, tana nuna suna, kana iya nema da rubutu. Ni da ita nake amfani yau. Shi kansa Apple ya daina yin iPod a 2022, waya ta cinye kasuwar.

Ko wacce za ka saya, je da katinka ka gwada a gaban mai shago, kuma abu ɗaya nake so ka gwada musamman: kunna doguwar lacca, ka tura ta tsakiya, ka kashe na'urar, ka sake kunnawa. Ta ci gaba daga inda ka tsaya, ko ta koma farko? Ga mai jin waƙar minti biyar wannan ba komai ba ne. Ga mai bin tafsirin awa ɗaya da rabi kuwa, na'urar da ba ta tuna wuri azaba ce. Ka kuma sani yawancin rediyoyin nan MP3 suka sani. Fayil mai ƙarewa da m4a, ko saƙon murya na WhatsApp mai ƙarewa da opus, da yawansu tsallake shi suke yi, sai an juya shi zuwa MP3 tukuna.

Sai suna da jeri, wanda mutane ke rainawa. Abin da aka turo ta WhatsApp da suna irin AUD da kwanan wata da lambobi yake sauka, bayan wata uku ba ka san wanne ne wanne ba. Ranar da ya shigo ka sa masa suna. Ka ware folda: karatu daban, wa'azi daban, waƙoƙin gargajiya daban, na zamani daban. Surori 114 ka sa musu lamba mai gida uku, 001, 002 har 114, in ba haka ba sai ka ga 10 da 100 sun riga 2. Wani abin da ya daɗe yana ruɗa ni kafin in gano shi: da yawan ƙananan rediyoyi ba sa bin suna sam, suna bin yadda aka zuba fayilolin a kati, wanda ya riga shiga shi ne na ɗaya. In kana son danna 36 ya kawo maka Yasin, ka yi wa katin fomatin, ka fara zuba surorin a jere kafin komai, sauran kaya su biyo baya. Na fi son ma a ware wa Alƙur'ani katinsa shi kaɗai, don ladabi, kada sura ta ƙare kiɗa ya faɗo.

Manhajojin sauraro ta intanet irin su Boomplay da Audiomack, da Spotify da ta shigo Najeriya a 2021, suna da amfani wajen sababbin waƙoƙi. Sai dai awa ɗaya a 128 tana cin kusan megabait 60 na data, kuma abin da ka sauke a cikin irin su Spotify a kulle yake, ba za ka kwafe shi zuwa rediyo ba. Duk da haka ina ƙarfafa maka gwiwa ka riƙa jin mawaƙanmu masu rai ta can, ko ka saya inda suke sayarwa. Na yi sana'ar turawa, na san sisi ba ya kai wa mawaƙin daga abin da muke karɓa, kuma mutum ya biya situdiyo da guminsa. Wannan yana cikin abin da ya sa na bar sana'ar.

Kunnenka kuma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, in ƙarfin ya ƙaru lokacin yana raguwa sosai. A aikace, kada ka wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar, kuma in na kusa da kai yana jin abin da ke kunnenka, ya yi yawa. In kana kan babur ko kana tsallaka titi, cire shi gaba ɗaya. Kada kuma ka bar na'ura a gaban mota cikin rana lokacin bazara, batir yana kumbura.

Yanzu kwalin Baba. Wannan shi ne ya sa na zauna rubuta duk wannan. Zaren kaset yana tsufa, zafi da laima suna cinsa, kuma rediyoyin da ke juya shi suna ƙarewa, masu gyaransu ma sun yi ƙaranci. Ka nemi rediyo mai kaset da ke da lafiya, ka goge hed ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, da ɗan robar da ke jan zare da auduga da sifirit, ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, don in mai cin zare ce ta ci wancan. Kowane kaset, kafin ka kunna, ka tura shi har ƙarshe ka dawo da shi, zaren ya saki jiki. In ya yi sako-sako ka ɗaure shi da biro kamar yadda muka saba. Sai ka haɗa kebul daga ramin iyafis na rediyon zuwa kwamfuta. Ramin makirfo na yawancin kwamfutocin cinya bai dace da wannan ba, sauti yana fashewa, gara ka nemi ɗan abin USB mai ramin shigar da sauti. Manhajar Audacity kyauta ce, da ita za ka ɗauka. Ka sa ido a ma'aunin ƙara, kada ya riƙa taɓa ja. Babu gaggawa a aikin nan, kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa. In ka gama ka ajiye asalin a WAV, wato fayil mai nauyi da ba a matse ba, a kwamfuta da filas, sannan ka fitar da MP3 don sauraron yau da kullum. Kaset ɗin kuma kada ka yar.

Kafin ka fara, zauna da Baba ku zazzage kwalin tare, ya faɗa maka abin da ke cikin kowanne, kana rubutawa. Waƙoƙin manyan makaɗa da karatun sanannun malamai ka bar su a ƙarshe, wataƙila wani ya riga ya juye su da kyau. Ka fara da waɗanda aka rubuta wa suna da biro, ko marasa suna ma: walimar sauka, wa'azin limamin garinku, kiɗan bikin gidanku, da kaset ɗin saƙo irin wanda iyayenmu ke ɗauka su aika wa 'yan'uwa a Makka ko Kurmi ko Sudan lokacin da babu waya. A irin wannan kwalin na samu muryar kakata tana gaishe da kawuna, tana lissafa masa 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, har da ni ina jariri. In ka samu rediyon, ɗauki hoton gabanta da bayanta ka sa a nan, in nuna maka ramin da za ka soka kebul ɗin.