Me Ya Sa Mahaɗin Da Na Saka A Shafina Ba Ya Buɗewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shafi a Blogger inda nake tallar turaren wuta da humra. Na saka mahaɗi zuwa shafina na Facebook, amma duk wanda ya latsa sai a ce masa ba a sami shafin ba. Ina matsalar take? Daga wata 'yar kasuwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, barka kadai. Ina kyautata zaton kin rubuta adireshin ne babu https:// a farkonsa. Ga yadda cikakken mahaɗi yake a HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi:

<a href="https://www.facebook.com/sunanshafinki">Shafinmu na Facebook</a>

Abin da ke cikin href shi ne inda za a kai mutum. Rubutun da ke kafin </a> kuwa shi ne wanda zai gani ya latsa. Da zarar kin bar https://, burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ba za ta san wani gida daban ake nufi ba, sai ta ɗauka wani ɗaki ne a cikin naki gidan. Sai ta liƙa "www.facebook.com" a bayan adireshin shafinki na Blogger, ta nema ta rasa. Wannan ne kuskuren da ake kira 404.

Idan https:// ɗin na nan, to duba alamomin zance (" ") da ke kewaye da adireshin. Wanda ya rubuta mahaɗin a Word ya kwafo shi, sau da yawa Word kan mayar da su masu lanƙwasa, HTML kuma miƙaƙƙu kawai ya sani. Goge su ki sake bugawa da hannu.

Ni dai shawarata, ki bar rubuta adireshi da ka. Buɗe shafin Facebook ɗin, kwafo adireshin daga sama, ki zaɓi kalmomin da kike so, ki danna alamar sarƙa a Blogger, ki manna. Kuma don Allah a rage "danna nan" ɗin nan da ya cika shafukanmu. Makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu allo ba su san ina "nan" take ba, Google ma ya fi gane "farashin humra". In kina so mahaɗin ya buɗe a sabon shafi kada mai saye ya bar naki, ƙara target="_blank" bayan alamar zancen da ta rufe adireshin.

Tambaya: Ana iya yin mahaɗin da zai kai mutum WhatsApp ɗina kai tsaye? Daga wani tela a Maraɗi.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. A cikin href ka rubuta https://wa.me/ sai 227, lambar Nijar, sai lambar wayarka a haɗe, babu alamar +, babu tazara. Mutanen Najeriya 234 za su sa, su cire sifirin farko, wato 080 ta koma 23480. Kafin ka wallafa, ari wayar wani ka gwada.