Aikin karɓar masu yawon buɗe ido a ƙauyen kan dutse

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aikin yawon buɗe ido da mutanen ƙauyukan kan dutse ke gudanarwa da kansu zai riƙe mutum. Zai taimaka, amma shi kaɗai da wuya. Kasuwarsa ta lokaci ce: damina na sauka, hanya ta yi santsi, baƙi su ɗauke ƙafa. Shi ya sa akasarin masu yinsa ba sa sakin noma da kiwo.

Kafin ka shiga, bincika yadda ake rabon kuɗi. Inda abin ya zauna, kwamitin gari ke sauke baƙi gida-gida bi da bi, a ware wani kaso na kuɗin don asusun gari. A yankin Annapurna na Nepal, inda aka fara shirin kare daji a 1986, kuɗin shigar baƙi na komawa kan ayyukan yankin. Inda babu rubutaccen lissafi kuwa, rigima ba ta da nisa.

Ja-goranci kuma ya wuce sanin hanya. Sama da mita 2,500, iska na ƙaranci. Idan ka ga baƙo ya riƙe kai, yana amai, yana tangaɗi, sauko da shi nan take, kada ka biye wa gardamarsa.