Kiran intanet da wayar gida marar igiya, amsa ga ƙanina mai shirin zuwa karatu

Salam ƙanina, na ga tambayarka, kana so ka san in ka iso Ingila yaya za ka rinƙa kiran su Mama ba tare da kuɗin waya ya cinye ka ba, sannan wai mece ce wayar nan marar igiya da aka ce maka akwai a gidan da za ka sauka. To saurara.

Shi kiran intanet ɗin nan da ake ce wa VoIP ba wani abin mamaki ba ne. Wayarka ce take yayyanka muryarka guntu guntu, yawanci kowane guntu milisakan 20 (milisakan dubu ne sakan ɗaya), ta mai da shi data ta tura, in sun isa can wayar mutumin ta harhaɗa su ya ji magana. Haka WhatsApp yake yi tun da suka kawo kira a 2015, haka Skype ya yi tun 2003 har Microsoft suka rufe shi a watan Mayun 2025, don haka in wani ya ce ka sauke Skype to labarinsa ya tsufa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kiran murya ba ya cin data sosai, ko kilobit 100 a sakan ba ya kaiwa, abin da yake ɓata shi jinkiri ne da ɓacewar guntayen nan a hanya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce in jinkirin bai wuce milisakan 150 ba hira za ta tafi lafiya, amma da ya fara yawa sai ka ga kai da Mama kuna ta cin karo a magana, kai ka ce hello ita ma ta ce hello, kowa ya yi shiru lokaci ɗaya kuma ku sake farawa tare. Kuma ko intanet ɗinka ya fi na kowa ƙarfi in nata netwok ɗin yana rawa to kiran zai yi rawa, kar ka yi ta ɗora wa wayarka laifi. In ya fara yankewa ku kashe bidiyo ku bar murya kawai, wallahi sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Daga manhaja zuwa manhaja data kawai za ka kashe. Amma in wanda za ka kira ƙaramar waya ce da shi, dole kiran ya fita daga intanet ya shiga layin kamfanin waya, a nan ne ake biya a kan minti.

Ita kuwa wayar gidan, sunan tsarinta DECT. Abu biyu ne, akwai gindinta da ke jone da wuta da layi, akwai kan da kake ɗauka ka yi yawo da shi, tsakaninsu rediyo ne, ba sim kuma ba Wi-Fi ba. A cikin gida tana kai kamar mita 50, a fili har 300, ka wuce nan ta yanke. A Turai tana aiki a zangon rediyo na 1880 zuwa 1900 MHz, a Amurka 1920 zuwa 1930, shi ya sa ba a sayo ta can a zo a jona nan.

Yanzu ga inda ya fi damuna. Nan Ingila ana kan rufe tsohon layin waya na ƙasa, an sa Janairun 2027 a gama, yawancin wayoyin gida an mai da su cikin rauta, wato akwatin nan mai ba da Wi-Fi, ma'ana su ma VoIP ne. In wuta ta ɗauke rauta ta mutu, wayar ma ta mutu. Kuma WhatsApp ba ya kiran 999 ko 112, lambobin kiran gaggawa. Don Allah ranar da ka sauka ka nemi sim na nan ka sa, kar ka ce ai akwai Wi-Fi a ɗaki. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tsohuwar lambarka ko ka canza sim.

Allah ya kawo ka lafiya, ka gaida su Mama.