Allurar tazarar haihuwa ta rikita mini al'ada: ya zan yi da sallah?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, haihuwata huɗu, ta ƙarshen tiyata aka yi mini. Da yardar maigidana na karɓi allurar wata uku. Tun daga nan jini ke zuwa mini kaɗan-kaɗan, yau ya zo, jibi ya ɗauke, alhali da can kwana shida nake yi. Wasu sun ce allurar haramun ce, wasu sun ce in bar sallah har sai ya tsaya. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuriya.

Ba da tazara tsakanin haihuwa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma ba a hana su ba. A kan wannan malamai suka kiyasta allura da ƙwaya da ashanar hannu, wato ɗan siririn abin da ake sakawa a ƙarƙashin fatar dantse. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta shi da sharaɗin ya zama na ɗan lokaci, miji da mata sun yarda, hanyar ba ta cutarwa, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Kashe haihuwa gaba ɗaya ne ta hana sai da larura. Ke kuwa mai ɗinki a mahaifa, uzurinki a fili yake.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa ki bar sallah. Wannan kuskure ne babba.

Allurar wata uku, irin su Depo-Provera da Sayana Press, tana ɗauke da sinadarin furojestin, mai hana ƙwai fita, mai sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri. Siririyar shimfiɗa takan riƙa ɗiga ba kan ƙa'ida ba, musamman a watannin farko. Bayan shekara guda kuma mata da yawa jinin kan ɗauke musu ɗungurungum. Ba taruwa yake yi a ciki ba kamar yadda ake yaɗawa a gidajen suna, shimfiɗar ce ba ta yi kaurin da za ta zubo ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya ko ɗigo ɗaya haila ne ta fuskar ibada, haka fatsi-fatsi da gurɓataccen ruwa. Sai dai haila tana da iyaka. Mace mai sananniyar al'ada takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, muddin ba ta haura kwana goma sha biyar ba. Naki shida ne, don haka iyakarki tara. Tunda jinin yana yankewa, sai ki yi talfiƙi, wato ki riƙa tara kwanakin da kika ga jini kawai. Misali kin gani Litinin da Talata, biyu ke nan. Ya ɗauke Laraba, sai ki yi wanka, ki yi sallah, ki yi azumi, maigida ma ya halatta ya kusance ki. Ya dawo Juma'a, kin shiga na uku. Haka za ki bi har ki cika tara. Abin da ya biyo baya istihala ne, jinin cuta, irin wanda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Faɗima bintu Abi Hubaish jijiya ce, ba haila ba. Ki yi ƙunzugu, ki yi alwala, ki yi sallarki.

Idan kika samu kwana goma sha biyar cur babu jini, wanda ya zo bayansu sabuwar haila ce, lissafi ya koma farko. Idan kuma bai yanke ba, to bayan kwana goma sha biyar na istihala ki duba: in ya sauya zuwa kamannin hailar da kika sani, ta launi ko wari ko kauri, haila ce, in bai sauya ba kina nan da tsarkinki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa, don ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin wannan lissafi. Sallolin da kika bari bayan cikar kwanakinki kuwa, ki kirdado adadinsu ki rama.

Allurar ba ta karya azumi, ashana kuma tana ƙarƙashin fata, ba ta hana wanka inganta.

Saura sharaɗin rashin cutarwa, kuma a nan maganar ma'aikatan lafiya ce gaba. Allurar wata uku takan sa ƙiba, takan rage ƙarfin ƙashi idan an daɗe a kanta, kuma bayan an daina ta, samun ciki kan yi jinkiri, wata goma ko shekara daga allurar ƙarshe. Jinkiri ne, ba rashin haihuwa ba, amma wajibi ne miji ya san da shi tun farko. Ashana, Implanon ta shekara uku ko Jadelle ta shekara biyar, ita ma tana rikita jini, sai dai da an cire haihuwa kan dawo da wuri. Maganin tarin fuka rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya suna raunana ashana da ƙwaya.

Ƙwaya mai haɗe da sinadarin istirojin ta fi buƙatar hattara, domin tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta kai shekara 35, ko mai jego da ba ta cika sati shida ba. Wadda ta san tana cikin waɗannan ta je kemis ko wurin masu tallar magani a mota ta saya ta sha ba tare da an auna jininta ba, ta yi laifi, don babu cuta babu cutarwa a Musulunci.

Idan jinin ya yi yawa har kina jiri, ko ya zo da ciwon mara mai tsanani, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, kada ki jira ranar allura ta gaba, ki koma asibiti a ranar. Idan ɗigo ne kawai amma ya takura wa ibadarki, ki gaya wa nas ɗin, akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki, kuma kina da damar sauya hanya.

Wallahu a'alam.