Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramar mota ko babba a cikin garin Katsina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Rafin Daɗi, matata ɗaya da yara huɗu. Na ɗan tara kuɗi ina son in sayi mota in huta da hawan mashin. Abokaina sun ce in ɗaure in ɗauki Highlander ko Sienna saboda iyali da kuma mutunci, ni kuma zuciyata na kan ƙarama saboda mai. Zirga-zirgata dai ofis ce da kai yara makaranta da kasuwa, sai sau ɗaya a wata mu je Daura gaida tsofaffi. Don Allah a ba ni shawara.
Daga mai karatu, Rafin Daɗi, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Tambayarka ta ƙunshi amsarta ai, kwana 29 kana cikin gari kwana ɗaya kana hanyar Daura, to ta yaya za ka sayi mota saboda kwana ɗayan nan?

Mu fara da mai tunda shi ne ke cin albashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin mota ya canza gaba ɗaya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka ta sake ninkawa. Highlander da Sienna da ake kawo mana yawancinsu injin V6 ne, silinda shida, a cikin gari inda ake tafiya ana tsayawa suna shan wajen lita 13 zuwa 14 a kilomita 100, Corolla mai injin 1.8 kuwa wajen lita 9. Ka ɗauka kana yin kilomita 20 kullum, a wata kilomita 600 ke nan, babbar za ta sha maka kusan lita 80, Corolla lita 54 ko kusa da haka. Ka buga bambancin da kuɗin lita na yau da kanka, sannan ka tuna wannan kowane wata ne har ranar da za ka rabu da motar. Tankin Corolla lita 50 ne, na Highlander ya haura 70, wallahi na sha ganin mai babbar mota a gidan mai yana cewa a zuba mashi na dubu biyar, allurar ko motsi ba ta yi ba.

Ba man kaɗai ba ne. Ranar juyen baƙin mai Corolla lita huɗu ta ishe ta, V6 sai wajen shida, fulogi huɗu da fulogi shida, tayar ma kowace ɗaya kuɗinta daban.

Sai maganar hanya, kai da ke Rafin Daɗi ba sai na gaya maka yadda lungunan cikin gari suke ba, ga kwata a gefe ga mai shayi ya fito da benci ga 'yan Keke Napep da 'yan acaɓa kowa na neman ya riga wani, in ka shigo da Sienna wani lungun sai ka yi ribas sau uku kafin ka juya, in kuma ba ka da gareji a gida a ƙofar wa za ka riƙa ajiye ta? Haka wajen Babbar Kasuwa ko Ƙofar Soro ranar Juma'a, mai ƙaramar mota ya samu wurin fakin ya shige, kai kana ta zagaye.

Amma fa kada ka ce na ce ka sayi mafi ƙanƙanta. Irin su Picanto da i10 suna da daɗin mai sosai, sai dai mutum shida ba za su shiga cikin walwala ba, but ɗinsu ko buhun shinkafa da kayan yara ba zai ɗauka tare ba, kuma ƙasansu a kusa yake, da damina in ruwa ya cika ramukan unguwa za ka ji ƙasan na gogawa. Kayan gyaransu ma wani lokaci sai an aika Kano. A nan babbar mota ta fi, wannan gaskiya ce, tana da tsayi kuma a kan babban titi ta fi zama daram.

Ni dai da ni ne kai, Corolla zan nema ko Vibe ko Matrix masu injin 1.8, injin iri ɗaya ne da na Corolla, kusan kowane bakanike a Katsina ya san shi kuma kayansa na nan a gari. Vibe ɗin bayanta a buɗe yake, tana ɗaukar kaya fiye da yadda ake zato. Daura kuwa wajen kilomita 80 ce, awa ɗaya da 'yan mintuna, yara huɗu ƙanana za su zauna a baya, amma in sun fara girma kujerar ta mutum uku ce, lokacin sai a sake lissafi a duba Sienna.

Maganar mutunci da abokanka suka kawo ita ce ta fi damuna. Su ba za su zuba maka mai ba, kuma na san gidaje da dama da babbar mota ke fake a ƙofa an lulluɓe ta da tampol, maigidan ya koma kan mashin ɗinsa. Kafin ka biya ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ya ɗaga motar ya duba ƙasanta da giya da lagireto, a tabbatar da takardun kwastan, kuma ka rage wani abu a hannu don gyaran farko, ko 'yar Kwatano ce sai ta nemi taya ko batir.