Me ya sa Turawan Ingila ba su yaye rufin ciyawa ba?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin hotunan ƙauyukan Ingila, gidaje 'yan gajeru masu rufin ciyawa. Talauci ne ya bar su haka, ko da gaske ne an hana masu gidajen sauya su?
Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, talakawa ne suka gina su, amma yau sai mai kumbar susa ke iya riƙe irin wannan gida. Maganar hani kuwa gaskiya ce. Da yawansu suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, wadda dokar 1990 ke karewa. Gida na mai shi ne, amma in ya sauya taga ko rufi ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba, ya yi laifin da zai iya kai shi kotu. Ginin da ya girmi shekarar 1700, in bai sauya kama sosai ba, da wuya ya kuɓuce wa rajistar.

Ni dai na fi ganin hikimar dokar a jikin bango. A yankin Debon da ke kudu maso yammacin Ingila, da laka ake ginin, a cuɗa ta da karan hatsi, a ɗora a kan harsashin dutse, kaurin bangon ya kai ƙafa biyu. Mutanen wurin kan ce irin wannan gini hula da takalmi kawai yake buƙata, wato rufin da ya zarto ya kare shi daga ruwan sama, da dutsen da ya raba shi da danshin ƙasa. Da farar ƙasa ake masa yaɓe don danshi ya samu mafita. Wanda ya yi gwaninta ya shafa siminti ya kulle ruwa a ciki, lakar ta yi ta jiƙa a ɓoye har wata rana bango ya zube.

Rufin kuma mai gangare sosai ake yinsa, don ruwa ya gangare kafin ya shiga. Ƙololuwarsa ce ke fara gajiya, duk bayan shekara 10 zuwa 15 sai an sabunta. Masu baibayar karan alkama ba su cika yaye tsohon rufi duka ba: su cire na sama da ya ruɓe, su ɗora sabo. Shi ya sa a wasu gidajen Debon, in kika leƙa ƙarƙashin rufin za ki tarar da baƙin kara mai shekara sama da 500, wanda hayaƙi ya turara tun lokacin da ake hura wuta a tsakiyar ɗaki, kafin a soma gina wa hayaƙi bututu.